Cizon Shanshani: Aikin Dafinsa da Cututtukan da Kan Biyo Baya

1.0 Gabatarwa

Shanshani yana cikin ƙwarin da kowane Bahaushe ya san sunansu, amma ba kasafai akan zauna a yi nazarinsa ba, domin maciji da kunama sun danne shi wajen suna da ban tsoro. Wannan maƙala za ta duba abin da ke faruwa a jikin mutum bayan shanshani ya cije shi, tun daga sa'ar farko har zuwa mako na uku. Manufarta ita ce ta nuna cewa akwai abubuwa biyu daban waɗanda aka cika haɗa su a kira su duka dafi. Akwai aikin dafin kansa, wanda kan zo nan take da zafi mai tsanani, sa'an nan ya yi ta raguwa. Akwai kuma aikin ƙwayoyin cuta, wanda kan makara kafin ya bayyana, amma idan ya soma sai ya yi ta ƙaruwa. Na farkon shi ke sa a yi kururuwa a tara maƙwabta. Na biyun kuwa shi aka fi yi wa sakaci, alhali shi ne wanda hannun mutum ke iya jawowa, kuma ke iya hanawa.

2.0 Cizo, Harbi da Sara

Hausa tana da fi'ilai uku da take amfani da su ga dabbobi da ƙwari masu cutarwa, kuma kowanne yana nuni ga makamin da aka yi aiki da shi. Akan ce kare ya ciji mutum, domin da haƙori ya kama shi. Akan ce kunama ko zuma ta harbe shi, domin ƙari ta soka masa daga bayanta. Maciji kuma sara yake yi, watau an kamanta saurin kai bakinsa da saukar gatari. Game da shanshani, akan ji wasu sun ce cizo, wasu kuma su ce harbi, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Makamin yana can gaba wajen kai, wanda ya sa ya yi kama da cizo. Amma ba baki ba ne, ba kuma haƙori ba ne, ƙafafuwa ne guda biyu da suka rikiɗa suka zama ƙaho mai tsini da rami a ciki, wanda ya sa ya yi kama da harbi. A nan za a yi amfani da kalmar cizo saboda ita ta fi yawa a bakin jama'a.

Haka kuma Hausa ta bambanta dafi da guba. Guba ita ce wadda akan ci ko a sha. Dafi kuwa sai an huda fata yake shiga, ko ta haƙorin maciji, ko ta ƙarin kunama, ko ta tsinin kibiyar maharbi. Wannan bambanci yana da amfani ga abin da za a tattauna, domin duk inda dafi ya shiga, to, an bar ƙofa a buɗe a jikin fata, kuma ƙofar ba ta rufuwa a ranar da zafin ya tafi.

3.0 Halittar Shanshani

Masana kimiyyar halittu sun sa shanshani a wani rukuni da suke kira Chilopoda, kuma sun bayyana nau'o'insa fiye da 3,000 a duniya. Jikinsa gaɓa-gaɓa ne, shimfiɗaɗɗe, kowace gaɓa tana ɗauke da ƙafafuwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Yawan gaɓoɓi masu ƙafa yana kamawa daga 15 har zuwa 191, gwargwadon nau'i, kuma kullum adadin mara ne, ba a samun cika. Manyan da ke cutar da mutane, waɗanda akasarinsu 'yan dangin Scolopendra ne, suna da gaɓoɓi masu ƙafa 21 ko 23.

Wajibi ne a raba shi da ƙadandoniya, domin yara da ma wasu manya sukan rikita su. Ita ƙadandoniya jikinta mulmulalle ne, tana da ƙafafuwa huɗu a kusan kowace gaɓa, tafiyarta a hankali take, ruɓaɓɓen ganye take ci, kuma idan aka taɓa ta sai ta naɗe. Ba ta cizo. Iyakarta ta fitar da wani ruwa mai wari wanda kan rina fata, ya kuma yi raɗaɗi idan ya shiga ido. Shanshani kuwa mafarauci ne mai gudu, yana cin kyankyaso da gyare da gizo-gizo, manyansa har da ƙadangaru da ɓeraye.

Mafi girma a cikinsu shi ne Scolopendra gigantea na arewacin Amurka ta Kudu, wanda tsawonsa kan kai santimita 30. A shekarar 2005 an ba da rahoton ganinsa yana kama jemagu a cikin kogo a ƙasar Benezuwela. A Asiya da tsibiran tekun Pasifik akwai Scolopendra subspinipes mai kai santimita 20. A Afirka kuma akwai Scolopendra morsitans da Ethmostigmus trigonopodus, waɗanda ba su kai waɗancan girma ba amma cizonsu yana da zafi ƙwarai.

Fatar shanshani ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran ƙwari, saboda haka rana da iska sukan busar da shi da sauri. Wannan ne dalilin da ya sa yake wuni a ɓoye a ƙarƙashin dutse, ko tarin itacen girki, ko gindin randa, ko tsagar bango, ya fito farauta da dare. Da damina, idan ruwa ya cika maɓoyarsa, yakan shigo ɗaki ya laɓe a cikin takalmi ko ƙarƙashin tabarma. Don haka akasarin cizo a ƙafa ko hannu yake faruwa, kuma da dare. Wannan ma abin lura ne, domin ƙafa ita ce gaɓar da ta fi cuɗanya da ƙasa da ƙazanta.

4.0 Dafin da Yadda Yake Aiki

Dafin shanshani gauraye ne na sinadarai masu yawa. A cikinsa akwai histamin da sirotonin, waɗanda ke sa jijiyoyin jini su buɗe, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Akwai waɗansu masu narkar da abin da ke haɗe ƙwayoyin nama, domin dafin ya sami hanyar ratsawa. Akwai kuma waɗanda ke kai hari ga jijiyoyin ji kai tsaye.

Biyu daga cikin waɗannan na ƙarshe an yi nazarinsu sosai a ƙasar Sin. A shekarar 2015 aka bayyana wani da aka sa wa suna RhTx. A jikin jijiyoyin fata akwai wata 'yar ƙofa da ake kira TRPV1, wadda aikinta shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa abu mai zafi ya taɓa jiki. Takan buɗe ne idan zafi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, kuma ita ce barkono ke buɗewa har mutum ya ji yaji. David Julius ne da abokan aikinsa suka gano ta a 1997, aikin da ya sa ya sami lambar Nobel a 2021. Abin da RhTx ke yi shi ne ya sa ƙofar nan ta buɗe a kan ɗumin jiki na yau da kullum. Ke nan idan wanda aka ciza ya ce ji yake kamar an ɗora masa garwashi, bai yi ƙari ba. Saƙon da ke isa ƙwaƙwalwarsa iri ɗaya ne da na ƙuna.

A shekarar 2018 kuma masana a Cibiyar Nazarin Dabbobi ta Kunming suka bayyana wani mai suna SsTx, wanda ke toshe ƙofofin da sinadarin fotasiyam ke bi a cikin tsokar jijiyoyin jini da zuciya da ƙwaƙwalwa. Idan ƙofofin suka toshe, jijiyar jini takan matse. Sun nuna cewa shanshani mai nauyin giram 3 yana iya kayar da ɓera mai giram 45 a cikin daƙiƙa 30. Mutum ya fi ɓera nauyi sau fiye da dubu, shi ya sa a galibi dafin ba ya wuce gaɓar da aka ciza.

Abin da aka saba gani shi ne huda biyu ƙanana kusa da juna, da zafi mai tsanani nan take, da kumburi, wani lokaci da 'yar kaluluwa a hamata ko matsematsi. Wasu kan ji ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya. Zafin yakan kai ƙololuwa a sa'o'in farko, sa'an nan ya yi sauƙi. Ga yawancin mutane, kafin kwana biyu ya wuce sai ɗan tsami da ƙaiƙayi. Wani nazari da aka buga a Ostareliya a 2004, wanda ya bi waɗanda aka ciza tun daga ranar cizon, ya tabbatar da wannan tsari: zafi ga kowa, amma ba tare da mummunar illa ga sauran jiki ba.

5.0 Matsalolin da Dafin Kan Haifar

Ko da yake ba su da yawa, akwai matsaloli huɗu da dafin kansa ke iya jawowa, kuma duk wanda ke jinyar wanda aka ciza ya kamata ya san alamunsu.

5.1 Bori mai tsanani

Jikin wasu mutane yakan yi wa dafin mummunar tarba, kamar yadda ake gani ga harbin zuma. A cikin 'yan mintoci sai borin jini ya feso a duk jiki, leɓɓa da harshe su kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar da ƙara, jini ya sauka har mutum ya suma. Wannan ita ce matsalar da ta fi gaggawa, kuma maganinta allurar adirenalin ce a tsokar cinya. Ba a jiran gari ya waye.

5.2 Zuciya

An sami rahotanni daga Turkiyya a 2004 da 2006, da kuma daga Indiya a 2011, na mutanen da jini ya gaza isa tsokar zuciyarsu bayan cizon shanshani. Biyu daga cikinsu samari ne 'yan shekara 20 da 22. Abin da aka gano a 2018 game da matsewar jijiyoyin jini yana taimakawa wajen fahimtar wannan. Saboda haka ciwon ƙirji, ko gumi mai sanyi, ko bugun zuciya marar tsari bayan cizo, ba abin da za a danganta ga tsoro kawai ba ne.

5.3 Tsoka da ƙoda

A shekarar 1985 likitoci a jihar Arizona ta Amurka sun ba da labarin wata mata da shanshanin hamada mai suna Scolopendra heros ya ciza, tsokarta ta lalace, ƙodarta ta daina aiki. Yadda abin ke faruwa shi ne, idan tsoka ta mutu takan saki wani sinadari mai launi a cikin jini, shi kuma ya je ya toshe matatar ƙoda. Alamarsa ita ce fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai. Haka kuma idan kumburi ya yi yawa a cikin sha-raɓa ko damtse, yana iya matse jijiyoyin jini har gaɓar ta yi tauri ta yi sanyi, sai an yi aiki an sassauta ta.

5.4 Fata

Wani lokaci fatar da ke daidai hudar takan mutu, ta yi baƙi kamar girman ƙwayar wake ko kwabo, ta faɗi ta bar gyambo mai ɗaukar makonni kafin ya warke. Akwai kuma waɗanda kumburi da ƙaiƙayi kan dawo musu bayan mako ɗaya zuwa uku ba tare da wata ƙwayar cuta ba, sai dai garkuwar jiki ce ke ci gaba da faɗa da ragowar dafin. A 1998 an buga rahoton irin wannan kumburi, wanda likitoci ke kira ciwon Wells, bayan cizon shanshani.

Mutuwa daga dafin kaɗai abu ne mai wuyar samu. Rahoton da aka fi ambata shi ne wanda aka buga a 1923, na wata yarinya 'yar shekara 7 a ƙasar Filifin wadda aka ciza a ka, ta rasu bayan sa'o'i 29. Darasin da ke ciki shi ne, ƙaramin yaro, da cizon da ya faɗa a kai ko wuya, suna bukatar a kai su asibiti tun farko.

6.0 Cututtukan da Kan Shiga ta Hudar

6.1 Hanyoyin shigarsu

Ƙwayoyin cuta suna samun shiga ta hanyoyi uku. Ta farko, ƙahon shanshani yana yawo cikin ƙasa da mushen ƙwari, ba tsabtatacce ba ne. Ta biyu, a kan fatar kowane mutum akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune lafiya muddin fatar ba ta huje ba, musamman Staphylococcus aureus da Streptococcus pyogenes. Susa da farce takan tura su ciki. Naman da dafi ya riga ya raunana kuwa wurin kiwo ne mai kyau a gare su.

Hanya ta uku ita ce magani. Abin da aka saba yi wa saran maciji da harbin kunama shi akan kwaso a yi wa cizon shanshani: a ɗaure gaɓa da tsumma ko roba, a tsaga wurin da reza, a tsotse da baki ko a kafa ƙaho, sa'an nan a shafa toka, ko kananzir, ko ƙasa, ko tattaunannen ganye. Niyyar mai kyau ce, watau a fitar da dafi. Amma dafin ya riga ya ratsa nama tun a mintocin farko, tsaga da tsotsa ba sa dawo da shi. Abin da tsaga ke yi shi ne ta mai da huda biyu masu kamar tsinin allura su zama rauni mai faɗi. Ɗauri yana hana jini zuwa, alhali jini ne ke kawo dakarun da ke yaƙar cuta. Bakin mutum kuma cike yake da bakteriya. Tun da yake zafin zai ragu da kansa ko an yi magani ko ba a yi ba, sai a ɗauka tsagar ce ta yi aiki. Idan ƙafa ta haye bayan kwana uku, sai a ce dafin ne ya tashi. Ta haka ne garin neman gira akan rasa ido, kuma ba a gane inda aka rasa shi ba.

6.2 Hawan fata da ƙurji

Cutar da aka fi samu ita ce ta fata da kitsen da ke ƙarƙashinta. Takan bayyana daga kwana na biyu ko na uku zuwa sama. Wurin zai ƙara kumbura maimakon ya saɓe, ya yi zafi idan an taɓa, ya riƙa zugi, mutum ya fara zazzaɓi. Littattafan likitanci da aka rubuta a Turai sukan ce a duba jan fata, da jan layi mai tafiya daga rauni zuwa hamata ko matsematsi. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin dogaro shi ne a taɓa da bayan hannu a kwatanta ɗumin wurin da na ɗaya gaɓar, a duba ko fatar ta yi duhu ko ta yi ƙyalli, a kuma bi da yatsa a ji ko akwai wata hanya mai ciwo da ke haurawa sama. Idan mugunya ta taru ta zama ƙurji, sai an fitar da ita da kayan aiki masu tsabta. Sakiya a gida tana iya tura cutar cikin nama mai lafiya.

6.3 Ruɓewar nama mai gudu

Mafi muni ita ce cutar da ke bin shimfiɗar da ke tsakanin fata da tsoka tana kashe nama cikin sa'o'i. A 2005 likitoci a Turkiyya sun ba da rahoton wani mutum da ya rasu ta dalilinta bayan cizon Scolopendra morsitans, watau nau'in da ake samu a Afirka ma. A 2009 kuma an buga labarin mutum biyu a tsibirin Gwadaluf da cuta ta ci hannuwansu bayan cizon shanshani, ɗayansu da wannan iri. Alamarta ta farko tana da yaudara: majinyaci yana kukan ciwon da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani a fata. Daga baya sai bororo masu baƙin ruwa su fito, fata ta yi duhu ta daina ji, zazzaɓi ya yi tsanani, hankali ya soma gushewa. Ƙwaya ko allura kaɗai ba sa tsai da ita. Sai an yi tiyata an yanke mataccen nama. Ko da an yi haka, akan rasa wajen mutum ɗaya cikin biyar, kuma kowane jinkiri yana ƙara adadin.

6.4 Sarƙe-haƙora

Cutar da likitoci ke kira tetanus, ƙwayar da ke haddasa ta, Clostridium tetani, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ta fi son rauni mai zurfi marar iska, mai mataccen nama. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, lokacin da wataƙila an manta da cizon ɗungum. Sai haƙora su sarƙe, wuya da baya su sandare, jiki ya riƙa fizga idan an yi motsi ko ƙara. A nan ne haɗarin shafa ƙasa ko kashin shanu a kan rauni ya fi fitowa fili. Rigakafinta allura ce sananniya, kuma ƙa'ida ita ce wanda ya sami rauni mai datti, idan ya wuce shekara 5 rabonsa da allurar, ko bai taɓa kammala ta ba, a yi masa.

6.5 Waɗanda suka fi shiga haɗari

Mai ciwon sukari shi ne kan gaba, domin jini ba ya gudana sosai a ƙafarsa, jijiyoyin jinsa sun dushe, rauni yana iya ruɓewa bai ji ba. Sai tsofaffi, da ƙananan yara, da masu tamowa, da masu ciwon hanta ko ƙoda, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ga irin waɗannan, ƙaramin cizo ma ya cancanci idon ma'aikacin lafiya.

7.0 Yadda Ake Rarrabewa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kumburi da zafi da kaluluwa duk suna iya zuwa daga dafi, suna kuma iya zuwa daga ƙwayar cuta. Abin da ke raba su shi ne lokaci da alƙibla. Na dafi yana farawa nan take, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a ranar farko, kashegari ya fi jiya sauƙi. Na cuta yakan fara bayan an ɗan sami sauƙi, kuma kowace safiya ya fi jiya muni.

Akwai wata dabara mai sauƙi da likitoci ke yi wadda kowa zai iya yi a gida. A ɗauki biro a zagaye iyakar kumburin, a rubuta lokaci a gefe. Bayan sa'o'i shida, da kuma kashegari, a sake dubawa. Idan kumburin yana ja da baya daga layin, alama ce ta sauƙi. Idan ya tsallake layin bayan kwana ɗaya ya wuce, ko yana gudu cikin sa'o'i kaɗan, sai a nufi asibiti. Haka nan za a nufe shi ba tare da jira ba idan aka ga wahalar numfashi, ko kumburin fuska, ko ciwon ƙirji, ko suma, ko baƙin fitsari, ko zazzaɓi, ko mugunya, ko bororo, ko taurin muƙamuƙi.

8.0 Abin da Ya Dace a Yi

Babu allurar karya dafin shanshani irin wadda ake da ita ta maciji, kuma a galibi ba a bukatarta. Matakin farko shi ne a wanke wurin sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, a cire zobe ko awarwaro kafin gaɓa ta kumbura, a ɗaga gaɓar sama, a bar hudar yadda take.

Game da zafi, a 2009 an buga wani gwaji da aka yi a Taiwan a kan majinyata 60, inda aka kwatanta ɗora ƙanƙara, da tsoma gaɓa cikin ruwa mai ɗumin digiri 43 zuwa 45, da allurar rage ciwo. Duka ukun sun rage zafin. Ƙanƙara a naɗe ta cikin tsumma, kada a ɗora ta a kan fata tsirara. Inda babu ita ana iya amfani da ruwan ɗumi, amma wani mai lafiya ya fara gwada shi da hannunsa, kuma mai ciwon sukari ya guje shi don kada ya ƙone bai sani ba. Farasitamol yana taimakawa, maganin borin jini yana rage ƙaiƙayi, wanda hakan ke rage susa. Idan zafin ya ƙi, a asibiti akan yi allurar kashe jin wurin.

Maganin kashe bakteriya ba a shan shi don kawai an yi cizo. Ba ya taɓa dafi, kuma yawan shansa barkatai shi ke sa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. Sayen ƙwaya biyu ko uku a kemis a sha a daina ya fi rashin sha illa. Idan alamun cuta suka bayyana, ma'aikacin lafiya ne zai zaɓi wanda ya dace, a kuma shanye shi har iyakar kwanakin da aka faɗa.

Rigakafi kuwa yana bin ɗabi'ar ƙwaron da aka bayyana a sashe na uku. A kakkaɓe takalmi da tufafi da shimfiɗa kafin amfani, musamman da damina. A riƙe tocila, a sa takalmi idan za a fita tsakar gida da dare. A nisanta tarin itace da duwatsu da shara daga bangon ɗaki, a toshe tsagogi, a gyara wuraren da ruwa ke kwanciya. Mai kwana a ƙasa ya cusa bakin gidan sauro ƙarƙashin katifa ko tabarma. Rage kyankyasai a gida ma rage abincin shanshani ne.

9.0 Kammalawa

An ga cewa shanshani yana cutarwa da ƙafafuwansa biyu na gaba, kuma dafinsa yana yaudarar jijiyoyin ji har jiki ya ɗauka wuta ce ta taɓa shi. An ga cewa ga mafi yawan mutane wannan azaba ta kwana ɗaya ce ko biyu, ko da yake a wasu 'yan lokuta takan taɓa numfashi ko zuciya ko ƙoda. An kuma ga cewa hudar da ya bari ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma tsaga da ɗauri da shafe-shafe suna ƙara buɗe ta.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban harshe a nan. Muddin kalmar dafi ita kaɗai ce ake kiran duk abin da ya biyo bayan cizo da ita, to, wanda ƙafarsa ta haye a rana ta huɗu zai koma neman maganin dafi ne, alhali dafin ya daɗe da tafiya. Masu fassara saƙonnin lafiya ga gidajen rediyo da asibitoci da azuzuwan yaƙi da jahilci suna bukatar su raba maganar gida biyu da kalmomin da jama'a suka riga suka sani: zafin dafi a rana ta farko, hawan rauni daga rana ta biyu zuwa gaba. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai san ranar da haƙuri da sabulu suka isa, ya kuma san ranar da ba abin da ya rage sai hanyar asibiti.